Wadda Aka Dawo Dominta

Ranar 11 ga Yulin 2018 kamfanin Hulu na Amurka ya saki kashi na 13 na shirin The Handmaid's Tale, wanda da shi aka rufe zango na biyu, kuma kafin gari ya waye masu kallo sun cika Twitter da faɗa. 'Yan mintunan ƙarshe ne suka tayar da ƙurar. June, wadda labarin ke kanta, ta samu hanyar tsira, ga jaririyarta a hannu, ga mota ta iso cikin dare za ta nufi iyakar Kanada da su. Sai ta miƙa wa ƙawarta Emily jaririyar, ta bari motar ta tafi, ta ja jan mayafinta ta rufe kai, ta koma cikin ƙasar da ta bautar da ita.

An ɗauko shirin ne daga littafin da Margaret Atwood, marubuciya 'yar Kanada, ta fitar a 1985, Bruce Miller kuma ya mayar da shi fim mai dogon zango a 2017. Labari ne na wata ƙasa mai suna Giliyad da aka kafa bayan an kifar da gwamnatin Amurka, a zamanin da haihuwa ta yi ƙaranci. Masu mulkin sun fake da addini sun hana mata karatu da aiki da riƙe kuɗi. Matan da aka san suna haihuwa aka mayar da su kuyangi, ana rarraba su gidajen manya su haifa musu 'ya'ya. June na da miji, Luke, da 'ya guda, Hannah. Suna ƙoƙarin tsallaka iyaka aka cim musu a daji. Luke ya sha da ƙyar ya isa Kanada, ita aka kama ta, yarinyar kuma aka ba wani gida aka sauya mata suna zuwa Agnes. Saboda Hannah ne June ta ƙi shiga motar.

Masu fushin suna da hujja, ba zan tauye su ba. Sun yi zango biyu cur suna kallon azaba. A kashi na 12 sun ga an kashe Eden, yarinya 'yar shekara 15, an nutsar da ita a ruwa a gaban jama'a. A wannan kashin na ƙarshe ma sun ga an yanke wa Serena, uwargidan kwamandan da June ke bauta a gidansa, ƙaramin yatsa don kawai ta karanta Littafi Mai Tsarki a gaban majalisar maza tana roƙon a bar 'yan mata su koyi karatu. Sannan ga matan da ke aikatau a gidaje, su Rita, waɗanda suka sayar da rayukansu suka riƙa miƙa June daga bayan wannan gida zuwa wancan har ta fita unguwar. Mutane suka ce ta yi wasa da sadaukarwar waɗannan mata. Wasu suka ce da ta isa Kanada ta ba da shaida, da ta fi amfanar Hannah daga can fiye da komawa hannu rabbana cikin masu bindiga. Wasu suka ce wace irin uwa ce za ta raba jaririya da nono. Da yawa kuma suka ce dabarar masu shirin ce kawai, tunda tun a watan Mayu an riga an sanar cewa za a yi zango na uku, kuma ba ya yiwuwa in ba June a Giliyad.

Ni a waya na kalla, daga wurin masu tura fina-finai, kuma muna da zauren WhatsApp na tsofaffin ƙawayen makaranta da muke bin shirin tare. Ranar da kowa ta gama kallo saƙonni suka yi ta shigowa kamar ruwan Agusta. Wata ta ce wallahi ta daina kallo. Wata ta ce June ba ta da hankali. Duk na karanta, ban rubuta ko kalma ɗaya ba. Ba su san cewa wadda suke jira ta sa baki tana kwance tana kuka ba, kuma ba don June ba. Duk wanda na ji yana magana, ko dai ya sa kansa a matsayin June, ko Luke, ko jaririyar. Ni kuwa a gidanmu ni ce Hannah, kuma ban taɓa faɗa wa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ina 'yar shekara bakwai Innata ta yi yaji. Ba zan tona abin da ke tsakaninta da Babana ba, ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya gafarta masa. Iyakar abin da zan ce, zama ne da ba wanda zai so wa 'yarsa. Ta tafi garinsu da ƙanwata a goye, ni kuma Baba ya ce ba inda zan je. A garinsu an karɓe ta hannu bibbiyu. Kawuna, yayanta, ya rantse ba za ta koma ba, ya ce zai tsaya har a raba auren, ya ware mata ɗaki, ya yi mata alkawarin jari. Ƙofar tsira ta buɗe mata sosai, irin buɗewar da mata da yawa ba sa samu.

Abokiyar zaman Inna ba muguwa ba ce, ina so a san wannan. Tana da nata yaran, tana da nata nauyin, ni dai ban shiga lissafinta ba. Ina ci in an ci, ina kwana inda barci ya ɗauke ni. Watanni suka wuce ba wanda ya taɓa mini kai.

Wata la'asar ina tsugune a tsakar gida ina wanke-wanke na ji sallamarta. Ƙanwata a baya, ƙullin kaya a ka, ƙafafunta sun yi futu-futu da ƙura. Ba wanda ya je biko. Wanda ya san mu ya san abin da ake nufi da mace ta dawo da ƙafarta ba a bi ta ba: ta zubar da duk wata daraja da yajin zai saya mata, ta kuma ɓata da yayanta, wanda ya daɗe bai sake yi mata magana ba. Ni 'yar fari ce, Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kuma nuna ni a gaban mutane. Don haka ba ta rungume ni ba, ba ta ma tambaye ni ya nake ba. Ta dai tsaya ta dubi kaina. Ta sauke kaya, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta da ba a ko share ba, ta ce, "Ke, zo nan." Ta zaunar da ni tsakanin gwiwoyinta ta fara tsefe mini tsohon kitson da ita ce ta yi shi kafin ta tafi. Gashin ya cukurkuɗe, sai da ta yanke wani wurin da almakashi. Ina jin hannunta yana rawa, ba ta ce uffan ba har aka kira magariba.

Shi ya sa kashin da ya fi tsaya mini a rai a duk zangon shi ne na 10, ba na 13 ba. A nan ne aka kai June, da tsohon ciki, wani gida da ba kowa cikin dusar ƙanƙara, aka ba ta 'yan mintuna da Hannah. Yarinyar ta ɓuya bayan mai renonta, da ƙyar ta yarda ta matso, sannan ta tambayi uwarta ko ta neme ta, da dalilin da ya sa ba ta ƙara ƙoƙari ba. Wannan tambayar na san ta, domin na kwana da ita dare da yawa. Yaron da aka bari ba ya sanin siyasar manya, bai san wa ke da gaskiya ba, bai san akwai wata hanya mafi hikima ba. Abu ɗaya yake jira ya gani, wato ko za a dawo. Masu kallo da yawa sun manta da wannan tambayar cikin makonni uku, June kuwa tana zaune cikin ciyawa tana jiran mota da hoton Hannah a hannunta.

Duk da haka ba zan ce ta yi daidai ba in ana maganar sakamako. A farkon zango na uku ta isa gidan da ake riƙon Hannah, aka kama ta tun kafin ta iya komai. A zango na huɗu, a 2021, ta tsallaka Kanada ba tare da yarinyar ba. Da aka rufe shirin gaba ɗaya a watan Mayun 2025, a zango na shida, an ƙwato birnin Boston daga hannun Giliyad amma Hannah na nan a Giliyad. Masu cewa komawar ba za ta ceci yarinyar ba, lokaci ya gaskata su. Innata ma ba ta cece ni daga komai ba. Gidan bai sauya ba, abin da ya kore ta yana nan ya jira ta. Bambancin kawai, a da ni kaɗai ce a cikinsa, yanzu mu uku ne, kuma akwai mai duba ko na ci abinci.

Akwai kuma kuɗin da ake biya, wanda masu yabon irin wannan sadaukarwa ba sa son a faɗa. Mu mun saba jin "zaman 'ya'ya nake yi", har ta zama kamar lambar girma ga mace. Amma ɗan da ake zaman dominsa yana ji, kuma yana ɗauka. Duk ranar da na ji kukan Inna ta bayan ƙyaure, ni na san dalilin da ya sa take cikin ɗakin nan ba a ɗakin da Kawu ya ware mata ba. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. Ni ce na riƙa yi wa kaina. Na girma ina jin ana bina bashin da ban ci ba, ban kuma san ranar biyansa ba. Na ƙi zuwa makarantar kwana da na samu don kada in bar ta. Ko da na yi aure, sai da na daɗe kafin in iya jin daɗin wani abu a gidana ba tare da na ji kamar na ci amanarta ba. Ina godiya da dawowarta har in mutu, kuma da za a mayar da ni wancan lokacin da hankalina na yau, ban san abin da zan roƙe ta ba, ta dawo ko ta zauna.

Abin da ya fi ci mini rai a daren da ake ta faɗan nan shi ne inda fushin ya sauka. Giliyad ce ta raba uwa da 'ya, ita ta ajiye mace a bakin mota ta ce ta zaɓi ɗaya cikin 'ya'yanta biyu, amma June aka kwana ana zagi. Haka aka yi wa Inna. A garinsu an ce ba ta da zuciya, a unguwarmu an ce ta dawo da kanta don ba ta da wurin zuwa. Ban ji wanda ya tambayi dalilin da ya sa aka riƙe yarinya 'yar shekara bakwai aka hana ta bin uwarta ba. Atwood ta sha faɗi cewa ba ta sa komai a littafinta ba sai abin da 'yan Adam suka taɓa yi wa junansu a wani wuri. Riƙe ɗa don a tanƙwara uwarsa na cikin waɗanda ban buƙaci in buɗe littafin tarihi kafin in yarda ba.

Sai da na girma na zauna gaban malamai sannan na san cewa a mazhabar Malikiyya da muke bi, in aure ya mutu uwa ce ta fi cancanta da riƙon 'ya'yanta, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, muddin uwar ta cika sharuɗɗa, uba kuma shi ke da nauyin ciyarwa. Ranar da na fara jin wannan a aji sai da na fita waje. Ashe abin da aka nuna wa Inna a matsayin hukuncin da ba makawa, al'ada ce da ƙarfin iko. Da akwai wanda ya gaya mata, da akwai wanda ya raka ta gaban alƙali, mai yiwuwa da Kawu ya zo ya ɗauke ni, da ba ta tako ƙurar nan ba.

Bara 'yar Gwaggona ta zo mini da dare, jaririnta a baya, manyan biyu an hana ta. Ta ce, "Yaya, in koma ko kada in koma?" Ban ba ta ko ɗaya daga cikin amsoshin biyu ba, domin na san abin da kowacce ke ci. Na ba ta labarin kitson, na kuma ba ta labarin ƙyauren, duka biyun, abin da ban taɓa yi da wani a danginmu ba. Da gari ya waye muka je wurin wani malami ya karanta mata babin riƙon yara, daga nan muka nemi wata lauya, muka shigar da ƙara a kotun shari'a. Dangi sun rabu biyu a kanmu, wasu sun daina gaishe ni, sun ce ni ke zuga ta ta kai uban 'ya'yanta gaban alƙali. An ɗage zaman, an sake ɗagewa, yaran kuma har yanzu suna gidan ubansu. Alƙali dai ya ba da umarnin a riƙa kawo mata su duk ƙarshen mako kafin a yanke hukunci, kuma ni ce nake zuwa ɗauko su.