Ciniki a Bayan Gaisuwa Yake

Ku matso kusa, ƙawayen arziki, ku kife wayoyin nan na ɗan lokaci, ai alat ba zai gudu ba, hahaha. Yau hirar tamu ce, mu masu 'yar sana'a a cikin waya: mai turaren wuta da humra, mai atamfa da leshi, mai dambun nama da cincin, mai ƙunshi, mai ɗinki, har da mai sayar da data. Duk cikinmu babu wadda ba ta san wannan faɗuwar gaban ba, ki ɗora kaya a sitatus tun da safe, ki dinga leƙawa kina duba waɗanda suka gani, jama'a sun kalla rututu amma ko "nawa ne" babu wanda ya ce. Sai zuciya ta yi nauyi, ki fara tunanin ko kayan ne ba su yi kyau ba, ko hoton ne, ko dai wani abu ne daban. Hmm, Allah sarki.

To ku kwantar da hankalinku, 'yan uwa. Yawancin masu kallon nan ba wucewa suke yi ba, sabo suke yi da ke. Mutum ba ya saurin tura kuɗinsa ga wanda bai saba da shi ba, balle wanda bai taɓa gani ido da ido ba. Ku tuna dillaliyar unguwa ta zamanin iyayenmu mana. Za ta yi sallama da ƙullinta a ka, a shimfiɗa mata tabarma, a kawo ruwa, ta tambayi maigida da yara, ta yi barkar haihuwa, ta yi jajen wanda ya kwanta asibiti, sai can an sha hira sannan ta kwance ƙulli. Wata rana ko ɗankwali ba za a saya ba, ta tashi da fara'arta, amma ranar da auren 'ya ya taso ita za a aika a kira. Ta san wadda ke son shuɗi, ta san wadda sai ƙarshen wata take biya, kuma ba ta kai sirrin wannan gida wancan. Aikin nan nata shi ne muka gada, ƙullin ne kawai ya koma cikin waya. Kai, Allah ya jiƙan mazan jiya da matan jiya!

Kuma fa abin bai daɗe ba, in kun duba. Wayar salula sai a 2001 ta shigo Najeriya sosai, lokacin da layi kansa sai mai hali. Sitatus ɗin WhatsApp da muke ta rububi a kai yanzu a 2017 aka kawo shi, manhajar 'yan kasuwa ta WhatsApp Business kuma ta biyo baya a 2018, wadda daga baya ta samu wurin jera kaya da farashinsu. Amma ga abin da yake burge ni a tsarin: babu mai ganin sitatus ɗinki sai kin ajiye lambarta ita ma ta ajiye taki. Ko saƙon nan da ake turawa mutane da yawa a lokaci guda, wanda ba ya wuce mutum 256, ba ya isa ga wadda ba ta ajiye lambarki ba. Kun ga ke nan duk wadda ta leƙo ki, da yardarta ta leƙo, ta ba ki wuri a wayarta kusa da lambar mahaifiyarta da ta ƙawayenta. Wallahi in na tuna haka sai in ji kowace mai kallo ta ƙara girma a idona, ko da kuwa wadda kullum sai ta gani ta yi shiru ce, hahaha.

To me za ta tarar in ta leƙo? Nan ne fa hirar take da daɗi. Mu duka mun san gajiyar da ake yi da sitatus ɗin da aka jera hoto hamsin a kai, layin saman nan ya zama ɗige-ɗige, ki yi ta dannawa har yatsa ya gaji, kuma ga data tana tafiya. Amma ku duba yadda muke tsayawa cak in wata ta nuna mana hannunta a cikin aiki. Mai turare ta nuna sandal da hawi da kajiji a faranti kafin a haɗa, ta nuna yadda take wanke farce ta soya shi don humra, har ki ji kamar ƙamshin zai fito ta waya. Mai atamfa ta ɗauko mana cunkoson Kantin Kwari da hantsi, 'yan dako suna "a ba da hanya", ita kuma tana ɗaga zani a rana don mu ga ainihin kalarsa. Mai dambu ta nuna naman tun yana ɗanye, da tsabtar madafinta, da robobin da ta wanke ta kife. Ba a ce mana "ku saya" ba ko sau ɗaya, amma zuciya ta riga ta natsu, don gani ya kori ji. Sai ki ji kin ce a ranki, wannan baiwar Allah ba za ta cuce ni ba. Daɗi, wallahi!

Sannan akwai 'yan ƙananan abubuwan da ba na sayarwa ba, waɗanda su ne suke sa a riƙa tuna ki. Yadda ake wanke leshi kada ya tashi, yadda ake ajiye cincin ya kai sati bai yi laushi ba, irin garwashin da ba ya ƙona turare. Barka da Juma'a, barka da shan ruwa, addu'a ga ɗalibai ranar jarrabawa. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, amma abin da ya amfani mutum yana zama a ransa. Wata za ta yi wata shida tana amfana da ke ba ta sayi komai ba, ranar da ƙanwarta za ta haɗa lefe sai ki ji sallama: "Hajiya, ni ce mai kallonki kullum." Ayya, irin wannan sallamar har hawaye take sawa.

Sai dai mu gaya wa juna gaskiya tunda mu kaɗai ne a ɗakin. Nuna rayuwar yau da kullum ba yana nufin a buɗe komai ba. Aikinki za ki nuna da halinki, amma cikin ɗakinki da fuskokin yaranki da abin da ke tsakaninki da maigida, waɗannan naki ne. Haka ma sirrin kwastoma. Mun san daɗin ɗora hoton hirar wadda ta yaba kaya, ai shi ne shaidarmu, to amma a nemi izininta, a goge suna da lamba. Wata ba ta so kishiya ta san nawa ta kashe, wata ba ta so dangin miji su san a ina aka haɗa akwati, wata kuma bashi ta ɗauka tana biya a hankali. Ranar da ta ga kin rufa mata asiri, kin samu kwastoma ta har abada, har da 'yan ɗakinsu gaba ɗaya, hahaha.

Mu dawo kan amsa saƙo, don nan ne ake samun mutum ko a rasa shi. Kun san yadda ake ji in ka yi wa mai kaya sallama da gaisuwa, ya dawo maka da lambar asusu kawai? Sai ka ji jikinka ya yi sanyi. Mu Hausawa ba ma shiga magana sai mun tambayi kwana da gajiya da iyali, kuma waya ba ta soke wannan ba. "Wa alaikumus salam Hajiyata, ya gida, ya yara?" bai kai daƙiƙa goma ba, amma ya sa ta ji da mutum take magana. In uwa ce babba, ki ce Mama ko Umma, ki yi mata saƙon murya, don da yawa cikin iyayenmu sun fi sakewa da jin murya a kan karanta rubutu, kuma murmushi yana fitowa a murya. Farashi kuma a rubuta shi a fili, kada a ce sai an biyo ta ciki, don mai kunya ba za ta tambaya ba, wucewa za ta yi. In ta yi tayin da bai yi ba, "albarka" cikin fara'a ta wadatar. Wadda ta tambayi kaya goma ta tafi ba ta ɗauki ko ɗaya ba, a rabu da ita da "Allah ya hore, sai na ji ki." Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma gobe ma rana ce, ko ba haka ba?

Bayan alat ya shigo kuma, a nan ne ainihin zumuncin yake farawa. Kin kai saƙo tashar Unguwa Uku ko Kawo ko Jabi, ki tura wa kwastomar lambar direba, ki gaya mata lokacin da motar ta tashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na ɗan sahu ya yi sama, to a faɗa mata tun kafin ta biya, kada ta ji shi a bakin direba. Bayan kwana biyu ki tuntuɓe ta: kaya sun iso lafiya, kalar ta yi miki? In akwai tabo a zani ko kwalba ta zube a hanya, a faɗa tun kafin ta gani, a canza ko a rage mata, ai addininmu ma ya hana ɓoye aibin haja. Za ki ji zafin asarar a ranar, ba ƙarya, amma ita za ta ba da labarinki a gidan suna da gidan biki, inda tallanki ba zai taɓa kaiwa ba. Hmm, alheri danƙo ne.

Wa zai manta farkon 2023, lokacin canjin kuɗi? Takardar naira ta yi ɓatan dabo, layi a bankuna, masu POS suna cajin abin da suka ga dama, kowa ya koma tura kuɗi ta waya, har waɗanda da ba sa yarda da shi. OPay da Moniepoint da PalmPay suka shiga bakin kowa. A tura kuɗi a cire wa mai saye, ke kuma bai shigo miki ba, ga masu alat ɗin bogi suna yawo. A kwanakin nan ne muka ga amfanin sabo ƙiri-ƙiri. Wadda kuka daɗe tare za ki sakar mata kaya ki ce "in ya shigo na gani", ita ma in naki ya makara ba za ta ɗaga miki hankali ba. Baƙuwa kuwa sai ki ce ta yi haƙuri kuɗi ya zauna a asusu tukuna, kuma in kin faɗa da ladabi za ta fahimta. Kai, mun ga rayuwa, Allah kada ya maimaita mana!

Kada kuma mu manta da junanmu. Zumuncin kasuwa bai tsaya kan mai saye ba. Akwai mai shagon da ke turo miki hoton sabon kaya tun kafin ya jera su, akwai direban da ke riƙe miki saƙo, akwai ɗan sahun da ya san gidajen kwastomominki. Gaisuwar Sallah da ɗan ihsani ba sa faɗuwa banza a wurinsu. Mu kuma 'yan sana'a, in an tambaye ki abin da ba ki da shi, ki tura wa 'yar uwarki, ki ɗora mata kayanta ita ma ta ɗora miki, rabon wani ba ya shiga aljihun wani. In ta yi haihuwa ki yi barka, in ta yi rashi ki kira, kada ki bari sai ranar da kike son ta tallata ki sannan ki tuna da lambarta. Kuma don Allah, ƙawalli, kada a jefa mutane cikin guruf ba a tambaye su ba, mutum ya tashi da asuba ya tarar da saƙo ɗari uku, hahaha, wayyo!

Abu na ƙarshe da nake so mu riƙe, wayar nan aro ce. Ranar 4 ga Oktoban 2021 WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya kusan awa shida, tun bayan la'asar har dare, muna ta kashe data muna kunnawa. A watan Satumban shekarar kuma aka datse sabis a Zamfara saboda matsalar tsaro, 'yan uwanmu na can suka yi makonni ba kira ba saƙo. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana ƙwace shafi. Amma wadda ta san kwastomominta da sunansu da unguwarsu, su ma suka san ta, ko ta canza layi za su nemo ta.

Don haka masoyana, ku samu ɗan littafi ku rubuta sunayen mutanenku da lambobinsu da abin da kowacce take so. Yau kafin ku kwanta, kowacce ta zaɓi tsofaffin kwastomominta uku da ta kwana biyu ba ta ji su ba, ta gaishe su, gaisuwa zalla, ba hoton kaya ba farashi. Allah ya sa wa sana'armu albarka, ya haɗa mu da masu amana, ya sa mu ma mu zama masu riƙe ta. Amin, 'yan uwa.