Daren Da Muka Ƙi Kashe Saba Mu Kunna

Wannan makon mu layi ya zo kanmu, kuma an ce mu kawo abin da ya taɓa ba mu wuya a aiki, kada kullum a riƙa zuwa da labarin nasara. To ga namu.

Mu uku ne, muna da wata ƙaramar manhajar sayar da data da katin waya, irin wadda da yawanku kuka sani, wasunku ma suna da tasu. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a saman wani shago kusa da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Yawancin masu hulɗa da mu 'yan sari ne: ɗalibai, masu shagon caji, da matan aure da ke sayarwa daga cikin gida ta WhatsApp. Mutum zai zuba kuɗi a asusunsa na manhajar, in an ce ya tura data sai ya danna, sabarmu ta miƙa buƙatar ga wani babban dila da muke sari a wurinsa, shi kuma ya kai ga kamfanin layi. Ribar kowane ciniki 'yan nairori ce. Yawan ciniki da amana su ke riƙe da sana'ar.

Da Django muka rubuta manhajar, muka ɗora ta a kan sabar haya guda ɗaya mai Ubuntu 18.04. Nginx yana bakin ƙofa yana karɓar baƙi, uWSGI yana ciki da ma'aikata takwas, wato kwafi takwas na manhajar, kowanne yana sauraron mutum ɗaya a lokaci guda. Ku riƙe takwas ɗin nan, za mu dawo kanta. Kusan shekara biyu muna tafiya a haka ba mu taɓa jin ɗuriyar matsala ba.

Sai azumin 2023 ya kama. Kun tuna yadda farkon shekarar ya kasance: canjin kuɗi, babu takardar naira a hannu, kowa ya koma taransifa. Masu sayen kati a bakin titi da yawa suka dawo wurin 'yan sarinmu, ciniki ya ninka. Muna cikin murna sai abu ya fara. Da an idar da asham, wajen takwas da rabi na dare, lokacin da kowa ya kishingiɗa ya ɗauki waya, sai manhajar ta daina amsawa. Ka danna, abin nan ya yi ta juyawa, bayan minti ɗaya ya jefo maka 504. Abin mamaki, mu muna iya shiga sabar ta bayan gida lafiya lau. Tana kunne, tana numfashi, amma ta ƙi karɓar kowa.

Maganin da kowa ya sani muka yi: kashe ka kunna. Muna sake tayar da uWSGI komai ya dawo daidai, sai mu ce alhamdulillahi mu ci gaba da amsa saƙonnin ban haƙuri. Wani daren sau ɗaya, wani daren sau huɗu. Har muka raba kwana, kowa da darensa na zaman gadi da kwamfuta a cinya.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mun zargi netwok. Mun zargi kamfanin da muke hayar saba a wurinsa, har muka rubuta musu wasiƙa mai zafi, suka amsa cikin ladabi cewa ta ɓangarensu ba su ga komai ba. Ɗayanmu ya rantse abokan hamayya ne ke turo mana hari don sun ga kasuwa ta buɗe mana. A ƙarshe muka yanke cewa sabar ce ta yi ƙanƙanta, muka ciro daloli muka ninka RAM da furosesa. Washegari da daddare ta sake tsayawa, kusan a daidai lokacin da ta saba.

Sai a sannan muka buɗe littafin rahoton uWSGI da niyyar karantawa da gaske. Muka tarar da layi ɗaya yana ta maimaita kansa, yana cewa layin jira ya cika, ga lamba a ƙarshensa: 101/100. Ga waɗanda ba su saba ba, duk shirin da ke sauraron baƙi a Linux yana da wurin jira da tsarin ke ajiye masa waɗanda suka iso alhali ma'aikata ba su da sarari, kamar bencin da ake ajiyewa a ƙofar shago. Na uWSGI mutum 100 yake ɗauka in ba ka canza ba. Da ya cika, duk wanda ya zo ba a ko kula shi.

Muka ce ashe abin mai sauƙi ne, a ƙara benci. Muka mayar da shi 1024. uWSGI ya ƙi tashi, ya ce iyakar tsarin kanta, wadda ake kira somaxconn, 128 ce. Haka take a tsofaffin Linux, sai a fitowar 5.4 ta shekarar 2019 aka ɗaga ta zuwa 4096. Muka ɗaga ita ma, komai ya tashi, muka yi musabaha muka tafi shan ruwa.

Wannan daren ne ya fi kowanne yi mana ɓarna. Da manhajar ta fara nauyi ba mu yi saurin kashewa ba, tunda a ganinmu mun riga mun gyara, jira kawai za a yi. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, Nginx yana jiran amsa daƙiƙa 60 ne kacal, daga nan ya gaya wa mai waya cewa abu bai yiwu ba. Amma buƙatar tasa tana nan zaune a benci, ba wanda ya tashe ta. Shi kuwa mutum da ya ga bai yi ba sai ya sake dannawa, ya sake, ya sake. Can wajen goma saura abubuwa suka sake da kansu, ma'aikatan nan takwas suka bi layin kaf, suka aiwatar da kowace danna ɗaya bayan ɗaya.

Da asuba wata Hajiya da ke sari a wurinmu tun farkon farawa ta kira. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi faɗa da ya fi mana sauƙi. Ta ce, "'Ya'yana, mutum ɗaya ya ce in tura masa, kun tura masa sau huɗu, kun cire mini sau huɗu. Haka aka yi mini a mutum shida. Wa zan bi? Ɗan jarin nan da shi nake cefanen buɗa baki." Muka ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, kafin azahar kuɗinki zai dawo." Ya dawo, nata da na sauran, daga aljihunmu, domin datar da ta riga ta shiga wayar mutane ba ta dawowa. Ribar kusan wata guda ta tafi a wuni ɗaya.

Ranar muka je wurin malamin da ya koya mana harkar netwok tun muna ɗalibai. Muka zayyana masa komai. Ya ce, "Lokacin da ta tsaya, me kuka gani?" Muka ce, "Malam, mun kashe mun kunna." Ya ce, "Samari, ban tambaye ku abin da kuka yi ba. Me kuka gani?" Muka yi shiru. Sati biyu muna fama, babu ɗayanmu da ya taɓa tsayawa ya kalli sabar tana cikin ciwon. Ya ce mun zama kamar mai share tsakar gida bayan ɓarawo ya fita, kafin masu bin sawu su iso. Ya ce yau in ta tsaya, a ba shi minti biyar kafin kowa ya taɓa ta.

Minti biyar ɗin nan sun yi mana tsawo ƙwarai. Waya tana ta ruri, saƙonni suna shigowa, hannun ƙaraminmu yana kan madannai yana jiran a ce kashe. Malam yana kan waya yana ba mu umarni ɗaya bayan ɗaya.

Muka fara da top. Furosesa tana hutawa, ko kashi biyar cikin ɗari ba ta kai ba, RAM kuwa fiye da rabi babu kowa a ciki. Nan muka gane dalolin da muka kashe banza suka tafi. Malam ya ce sabar da aiki ya yi wa yawa gumi take yi, wadda ta yi tsit kuwa wani take jira, sai a nemo wa. Muka buga ss -lnt, muka ga bencin a cike taf. Sai ya ce mu bar kallon masu shigowa, mu dubi inda sabar ita kanta ta kira, da ss -tnp. Ga su nan guda takwas, kowane ma'aikaci da tasa, duka zuwa adireshi ɗaya a ƙofa ta 443: sabar dilanmu. Muka ƙarasa da py-spy, wanda ke nuna layin da shirin Python yake tsaye a kai. Duk takwas ɗin layi ɗaya suka nuna.

Layin nan shi ne inda muke kiran dila da requests, kuma ba mu sa masa wa'adin jira ba. Ita requests haka aka gina ta: in ba ka faɗa mata iya daƙiƙun da za ta jira ba, za ta zauna har sai an amsa mata ko an katse. An rubuta hakan ɓaro-ɓaro a takardun bayaninta, mu ne ba mu karanta ba. Tarihin git ya nuna wanda ya rubuta layin a cikinmu, amma mu ukun muka duba shi muka wuce da shi, don haka namu ne duka.

Ku kwatanta da mai shago a Kantin Kwari da ke da yara takwas. Duk wanda ya zo sayen kaya sai a aiki yaro ɗaya wurin dila ya karɓo, ba a kuma ce masa in ka ga layi ka dawo ba. Ranar da dila ke sallama da wuri ba wanda zai san da matsala. Ranar da dila ya cika da jama'a, yara takwas za su tafi su maƙale, shago yana buɗe, fitila tana kunne, babu mai sallamar kowa. Ƙara faɗin shago ba zai dawo da su ba, ƙara benci kuma taro kawai zai ƙara.

Lissafin ma da sauƙi. In dila yana amsawa cikin daƙiƙa 2, ma'aikata takwas suna sallamar mutum 4 a kowace daƙiƙa. Da dare, lokacin da shi ma kowa ya taru a kansa, in amsar ta koma daƙiƙa 40, mutum ɗaya kawai muke sallama a kowace daƙiƙa 5. In mutum 4 suna ci gaba da shigowa a daƙiƙa, bencin mutum 100 ba ya kai rabin minti ya cika. Wani kiran ma ba a amsa shi sam, yaron ya tafi ke nan sai mun kashe mun kunna.

A daren muka sa wa'adi: daƙiƙa 5 na kama layi, 20 na jiran amsa. Muka kunna harakiri a uWSGI, wanda ke kashe duk ma'aikacin da ya wuce lokacin da aka ɗiba masa ya tayar da sabo. Muka mayar da benci yadda yake, domin gara a ce wa mutum a dawo anjima da a ajiye shi a yi masa aika-aika bayan ya tafi.

Sai dai wa'adin ya zo da tasa tambayar, kuma a nan ne muke so masu irin sana'armu su tsaya. In ka daina jira bayan daƙiƙa 20, ba ka san ko dila ya tura datar ko bai tura ba. Ka mayar da kuɗi, wataƙila ya tura, asara taka. Ka sake turawa, wataƙila ka ninka. Abin da muka yi cikin kwanakin da suka biyo baya shi ne, kowane ciniki muka ba shi lambar shaida tasa tun daga wayar mai saye, ta yadda ko sau goma ya sake dannawa sau ɗaya za a cire. Muka ƙara matsayi na uku tsakanin ya yi da bai yi ba, wato ana dubawa, inda saba ke komawa ta tambayi dila da lambar nan kafin ta yanke hukunci. Sannan muka ɗauke kiran dila gaba ɗaya daga hannun ma'aikatan gaba, muka miƙa wa Celery da Redis a baya. Yanzu na gaba yana karɓar oda ya rubuta ya ce an karɓa, ya juya ga na biye. Ko dila ya kwana bai amsa ba, ƙofa a buɗe take, mutum yana ganin asusunsa, yana ganin inda cinikinsa ya tsaya.

Jajiberin ƙaramar Sallah, daren da ya fi kowanne ciniki a shekarar, dila ya sake yin nauyi na kusan awa guda. Ododi suka taru a matsayin ana dubawa, daga baya suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Ba a cire wa kowa sau biyu ba, mu ma ba mu kashe komai ba.

Duk da haka ba kowa ya dawo ba. Cikin 'yan sarin da suka bar mu a makonnin nan akwai waɗanda har yau ba mu sake ganinsu ba. Hajiya ta dawo bayan Sallah, amma ta gaya mana gaskiya cewa yanzu rabin jarinta kawai take ajiyewa a wurinmu, rabin yana wata manhajar. Ba mu ga laifinta ba.

A bangon ofishinmu yanzu akwai wata takarda da aka manna da salatif, da rubutun hannu. Umarni huɗu ne a jere, top da ss guda biyu da py-spy, a ƙasa an rubuta: ka adana abin da ka gani kafin ka kashe. In kuna da saba da ke kiran sabar wani, ko ta biyan kuɗi ce ko ta tura saƙo, ku buɗe lambobinku yau ku duba ko kun gaya wa ɗan aikenku yaushe zai dawo. Allah ya sa mu dace, ya ba kowa sa'a a sana'arsa.