Daga Zangon Daura Zuwa Zangon Damagaram

Mu 'yan ajin ƙarshe a Zango mun tashi muna ganin motoci masu lambar Nijar a kasuwanninmu, amma da yawanmu ba mu taɓa tsallaka iyaka ba. Shi ya sa muka fara adashi, da nufin idan mun gama NECO mu yi tafiyarmu ta farko zuwa ƙasar waje.

Gardama ta tashi kan inda za mu je. Wasu suka ce sai Yamai, tunda ita ce babban birni. Da muka ga daga Damagaram zuwa can kusan kilomita 900 ne, sai aljihu ya raba gardamar. Muka tsaya kan kwana biyar: uku a Damagaram, ɗaya a Mirya, ɗaya a Matamai.

Damagaram ba ƙaramin gari ba ne. Ita ce hedikwatar Nijar a zamanin Faransawa har 1926, kafin a mayar da ita Yamai. Muna so mu ga fadar Sarki a unguwar Birni, mu kuma shiga unguwar da ake kira Zango, inda fatake suke sauka a da. Takwarar garinmu ke nan.

To me ya sa ƙananan garuruwa? Birni yana nuna wa baƙo gine-gine, amma a Matamai da Mirya ne za mu zauna da mutane, mu sha furarsu, mu ji yadda Hausarsu ta bambanta da tamu. Ga shi kuma wurin kwana ba ya tsada.

Mun koyi ƙidayar sefa tun daga gida. Dala ɗaya sefa 5 ce, don haka idan mai shayi ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Jaka kuwa sefa 1,000 ce.

Saura takardu. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka za mu je ofishin shige da fice mu tambayi abin da ake buƙata, mu yi katin rigakafin shawara, mu bi ta Kwangwalam, ba ɓarauniyar hanya ba. Iyayenmu sun kafa sharaɗi biyu: malami ya raka mu, kuma ba tafiyar dare. Mun amince. Yanzu abin da ya rage shi ne adashin ya cika kafin jarrabawa ta ƙare.