Mahaifina yana raye, yana Kumasi

Da yawa daga cikin waɗanda muka yi makaranta tare sun ɗauka ni maraya ne. Ban taɓa faɗin haka da bakina ba, amma idan wani ya ce "Allah ya jiƙan mahaifinka" shiru nake yi, don amsa wannan ya fi sauƙi a kan tambayoyin da za su biyo bayan gaskiya. To, mahaifina yana raye. Yana Kumasi ta ƙasar Gana, a unguwar Aboabo, da matarsa da 'ya'ya da jikoki. Ya bar Kano a 1995 ina ɗan shekara biyar, da sunan zai je saro goro ya dawo kafin Sallah.

Kwanakin baya saƙon murya ya shigo min WhatsApp daga wata lamba mai farawa da +233. Mace ce. Ta yi sallama, ta ce min Yaya, ta ce ita ƙanwata ce, a wurin wani ɗan kasuwar goro ta Mariri ta samu lambata. Hawan jini ya kayar da Baba, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, yana yawan ambatona. Sai saƙo na biyu ya biyo, bai kai minti ɗaya ba. Muryar tsoho ce, harshe ya yi nauyi, ana jin kukan yara da ƙarar rediyo a bayansa. Sunan mahaifinsa ya sa min, saboda haka ko da ina ƙarami ba ya kiran sunana. Ya ce: "Babana, kana lafiya? Ka zo in gan ka." Ya yi tari, ya sake maimaitawa, saƙon ya yanke. Bai ce in yafe masa ba. Bai tambayi Umma ba.

Tun daga ranar nake shan shawara, wadda na nema da wadda ban nema ba. Dattawa bakinsu ɗaya: uba uba ne, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Limamin unguwarmu ya zaunar da ni ya tunatar da ni haƙƙin iyaye da girman zunubin yanke zumunci, kuma ban musa masa ko kalma ɗaya ba, don na san gaskiya ya faɗa. Abokaina kuwa cewa suke yi sai yanzu da ya kwanta ya tuna yana da ɗa a Kano, in tura ɗan abin da ya sauwaƙa in rufe babin. Abin da na lura da shi a duka ɓangarorin biyu shi ne kowa a kan Baba yake magana, ko ya cancanta ko bai cancanta ba. Ba wanda ya fara da tambayar halin da matar da ya bari ta shiga.

Ni na ga halin, a gabana aka yi. Umma ta jira shi shekaru a ɗakin haya, tana aika wasiƙa ta hannun direbobin motocin goro. Sau da yawa direban zai dawo ya ce ya ba shi hannu da hannu, ya ce a gaishe mu. Daga baya labarin aurensa ya iso, ba daga bakinsa ba. Sai da Kawu ya raka ta gaban alƙali aka raba auren saboda ba ci ba sha ba tufafi, muka koma gidan kakana na wajen uwa. Keken ɗinki ne ya raine ni. Idan hutu ya kusa ƙarewa takan karɓi ɗinkin kayan makaranta na yaran unguwa, ta kwana tana taka keke da fitilar ƙwai a gefenta, da safe ƙafarta ta kumbura har takalmi ba ya shiga. Kuɗin jarrabawata ta WAEC daga kwasar adashinta ya fito, kwasar da ta yi niyyar sayen sabon kai na keken. Duk takardar da aka ce a rubuta sana'ar mahaifi, "ɗan kasuwa" take cewa in rubuta, kuma ban taɓa jin ta zage shi ba. Wannan shirun nata ya fi zagi ciwo a wurina.

Akwai kuma wani ɓangare na labarin da sai da na girma Gwaggo, yayarsa, ta ba ni. Baba ba a Kano aka haife shi ba. A zangon Kumasi aka haife shi, kakana bafatake ne cikin Hausawan da goro ya kai ƙasar Asante, sana'ar da Kanawa suka daɗe suna yi tun zamanin ayarin Gwanja da kasuwar Salaga. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta fitar da dokar da ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutane suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, aka loda su a manyan motoci. Baba yana ɗan shekara goma sha biyu aka sauke shi a garin da bai taɓa gani ba, ana ce masa nan ne gida. Gwaggo ta ce yara sun yi ta yi musu dariyar Hausarsu, ana kiransu 'yan Gana har suka girma. Ita ta saba, shi bai taɓa sabawa ba. (Mu ma dai a 1983, zamanin Shagari, mun rama wa mutanen Gana da irin wannan kora, har jakar da suka zuba kayansu ta samu sunan da take amsawa yau.)

Da na ji wannan na gane abin da ya ja shi can. Gida ya koma. Amma ganewa daban, wankewa daban. Mutumin da ya ɗanɗani yadda ake tsige yaro daga inda ya sani shi ya fi kowa sanin abin da yake bari a baya, kuma Kumasi ba bangon duniya ba ce. Motocin da suka kai masa wasiƙun Umma su ne suke dawowa Kano da huhun goro. Da ya so, da ko tikitin mota ya aiko mana.

Na so a ce hanya ce ta gagara, da na samu inda zan fake. Da a Saudiyya yake sai in ce biza, da a Sudan yake sai in ce yaƙi. Gana kuwa ƙasar ECOWAS ce, ɗan Najeriya yana shiga ba biza ya zauna har kwana 90, fasfo kawai da katin rigakafin shawara. Tsohuwar hanyar arewa, ta Yamai zuwa Wagadugu a shiga ta Paga a gangara Tamale, ba mai ba ka shawarar bi yanzu saboda rashin tsaro. Amma ta kudu a buɗe take: Kano zuwa Legas, Seme, Kwatano, Lome, a tsallaka Aflao, Akra, sannan kilomita kamar 250 zuwa Kumasi. Mai hali kuma daga Legas zuwa Akra tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgi. Kuɗin zai taɓa ni, amma ba zai karya ni ba. Duk lissafin da na yi sai ya dawo da ni kan cewa abin da ya tsaya min ba a kan iyaka yake ba.

Tsoro nake ji, kuma iri-iri ne. Ina tsoron in shiga ɗakin in ga tsoho a kwance, tausayi ya kama ni, duk maganar da na yi shekara talatin ina tarawa ta narke a bakina, in dawo ban faɗi komai ba. Ina tsoron akasin haka, in faɗi abin da zai ƙara masa ciwo a gaban iyalinsa. Sai kuma maganar da ba a son faɗi a fili: gado. Baba yana da gida a can. Babban ɗa namiji da ba a taɓa gani ba ya bayyana daidai lokacin da mai gida ya kwanta, ko ni ne a matsayinsu sai na yi wani tunani. Na ce wa Kawu zan faɗa musu tun daga ƙofa cewa ba na son ko allura. Ya ce kul, kada in yi rantsuwar fushi a kan rabon da Allah ya yanka, in yi shiru kawai, halina zai yi min bayani. Har yanzu ban gama yarda da shi ba, amma na daina gardama.

Wadda na fi jin nauyin tunkara ita ce Umma. Na same ta bayan la'asar tana tsintar shinkafa, na zauna na kasa farawa, sai kawai na kunna mata saƙon. Hannunta bai tsaya ba har muryar ta ƙare. Ta ce in sake kunnawa. Bayan nan ta ce: "Ya tsufa." Na ce, Umma, idan ba ki so ba, ba inda za ni. Ta ɗago ta dube ni, ta ce kada in ɗora mata wannan, ba za a ce ita ta raba ɗa da ubansa ba, ba ta yi haka ina ƙarami ba balle yanzu da nake da nawa 'ya'yan. Sannan ta ce: "Ka je ka gaishe shi, mahaifinka ne. Abin da ke tsakaninka da shi, ka ga dama ka yafe. Amma kada ka yafe masa da sunana. Nawa yana hannuna, idan yana so ya san inda nake."

Wannan maganar ce ta warware min abin da wa'azi da zugar abokai suka kasa. Ashe abin da ya riƙe ni shi ne ina ganin idan na taka ƙafa na je, na shafe kwanakin da ta yi a kan keke, na sanar wa duniya cewa komai ya wuce. Ita kuma ta raba min kayan gida biyu, ta ɗauki nata, ta bar min nawa. Nawa kuwa zan iya ɗauka. Zan iya gaishe da mara lafiya, in riƙe hannunsa, in saya masa magani, ba tare da na ce abin da ya yi daidai ne ba. Masu cewa uba uba ne sun yi gaskiya, sai dai sukan faɗe ta kamar ita ce ƙarshen magana, alhali akwai haƙƙin da ba ɗa ne zai yafe shi ba.

Saboda haka zan je, in sha Allah, bayan an yi albashi. Ni kaɗai. Matata ta so in tafi da babban ɗanmu ya ga kakansa, na ce ba wannan karon ba, sai na fara ganin irin tarbar da za a yi min. Masauki zan kama, ba zan kwana a gidan ba, kuma na faɗa wa ƙanwar tawa haka don kada su wahalar da kansu da gyaran ɗaki. Ta yi dariya ta ce ai mutanen zango ba sa barin baƙo ya kwana a otal, za mu gani. Saƙon Umma zan isar masa yadda ta faɗa, ba ƙari ba ragi, idan na ga jikinsa zai ɗauka. Lambarta tana wayata, in ya nemi a kira ta ni zan danna masa.

Masu shirin yi min wa'azi, na gode, an riga an yi min. Abin da nake nema yanzu shi ne wanda ya bi hanyar Seme zuwa Aflao kwanan nan ya yi min magana ta akwatin sirri, ya faɗa min yadda ake ciki da jami'an kan iyaka, da kuma inda ya fi dacewa in canza naira zuwa sidi.