Sarƙar aro, bashin shekara goma

Ƴan uwa mata, akwai wani gajeren labari na Faransa da muke so mu tattauna a kansa, don ya shafi kuɗi, ya shafi aure, ya kuma shafi kunya. Guy de Maupassant ne ya rubuta shi, ya fito a jarida a 1884. Sunansa La Parure, ma'ana kayan ado.

Mathilde kyakkyawa ce, amma mijinta Loisel ƙaramin ma'aikaci ne a ma'aikatar ilimi a Paris. Ranar da aka gayyace su walimar minista, sai ta fashe da kuka, wai ba ta da suturar shiga mutane. Maigidan ya ba ta faran 400 da ya tara don sayen bindigar farauta, ta ɗinka riga. Saura abin wuya. Ta je ta aro sarƙar lu'ulu'u wurin ƙawarta mai kuɗi, Madame Forestier.

A wurin walima ta haskaka, kowa na kallonta. Shi kuwa maigida tun tsakar dare yana barci a wani ɗaki tare da wasu maza uku masu jiran matansu. Wannan wurin ya ba mu dariya, don mun san irin mazan nan. Suna isa gida wajen asuba, sarƙa ta ɓace.

To, nan ne dariyar ta koma ɗaci. Suka rubuta wa ƙawar cewa maɗaurin sarƙar ne ya karye ana gyara. Suka sayi wata irinta a faran 36,000: rabi gadon da uban Loisel ya bari, rabi bashi, har da na masu cin riba. Suka sallami ƴar aiki, suka koma ɗan ɗaki can saman bene. Ita wanki da ɗiban ruwa da ciniki kan ƴan kwabbai, shi aikin lissafi da kwafar takardu har dare. Shekara goma cur. Da suka gama biya, Mathilde ta haɗu da ƙawar, ta faɗa mata komai cikin alfahari. Sai ƙawar ta sanar da ita cewa sarƙar jabu ce, ba ta wuce faran 500 ba.

Marubucin bai bar kowa ba. Ya yi wa matar ba'a, ya yi wa mijin da ya kitsa ƙaryar, ya yi wa masu kuɗin da ke sa jabu ana ɗauka na gaske don kawai su ne suka sa. Mu kam abin da ya fi taɓa mu shi ne, ɓatan sarƙar asarar faran 500 ce kawai. Ɓoyewar ce ta ci shekara goma.

Mu ma muna aron zinariya da mayafi ranar biki, muna cin bashi don anko. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Shi ya sa asusunmu ke da daraja: rance a gaban kowa ake ba da shi, a gaban kowa ake maido shi. In wata cikinmu ta kasa biyan zubi, ko kayan aro ya salwanta a hannunta, ta zo ta faɗa tun da wuri. Kunyar yini ɗaya ce, kuma tare za mu nemi mafita.