KUKURI: WUƘAR MANOMI DA WUƘAR BAƘO A ƘASAR NEPAL

Ƙasar Nepal tana can jikin duwatsun Himalaya, Indiya ta kewaye ta gabas da yamma da kudu, ƙasar Sin kuma tana arewa da ita. Duk baƙon da ya sauka Katmandu, babban birnin ƙasar, ya ratsa unguwar Thamel, masaukin masu yawon buɗe ido, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da kantunan da aka jera wata irin wuƙa mai lanƙwasa, kaifinta a ciki kamar na lauje, ƙirjinta da faɗi kamar na adda. Sunanta kukuri.

Sojojin Gurka ne suka fitar da sunan wannan wuƙa a duniya. Sarkinsu Prithvi Narayan Shah, na garin Gorkha, shi ya ci Katmandu da yaƙi a 1768. Da Turawan Ingila suka gwabza da su daga 1814 zuwa 1816, suka ɗanɗana kuɗarsu, sai suka shiga ɗaukarsu aikin soja. Har ma a 1944 Gurkawa sun yi Yaƙin Bama tare da bataliyoyin Nijeriya a rundunar Janar Wingate, su da kukuri, namu kuwa da adda.

Amma fa kukuri kayan aikin manomi ce tun kafin ta zama makami. Da ita yake saran itace da gora, da ita yake yanko ciyawar dabbobi, da ita kuma ake yanka awaki da ɓauna lokacin bikin Dashain. Wanda yake son ganin irin wannan, sai ya bar Katmandu ya nufi gabas, ya bi ta Dharan da Dhankuta, ya haye kogin Arun, ya hau tudu zuwa Bhojpur, garin da ya fi kowane suna wajen ƙirarta.

A can maƙeran, waɗanda ake kira Kami, gadon sana'ar suka yi. Tsohon sifirin babbar mota suke yankowa, su zuga shi a wutar gawayi, su yi ta dukansa da masaba har ya ɗauki siffa. Sa'an nan su sake gasa shi, su tsiyaya ruwan buta a kan kaifin kaɗai, don bakin ya yi tauri, bayan kuma ya zauna da taushi kada wuƙar ta karye wajen sara. Ƙotar ta itace ce ko ƙahon ɓauna, ana soka wutsiyar ƙarfen a ciki, a liƙe da wani ƙaro mai suna laha. Kuben na itace ne da aka lulluɓe da fata, yana ɗauke da 'yan ƙananan ƙarafa biyu: karda ta ƙananan yanke-yanke, da chakmak mara kaifi, wadda ake gyara bakin wuƙa da ita, a da har ƙyastu ake yi da ita.

Irin wannan wuƙa ta ƙauye ba ta cika wuce rabin kilo da yawa ba, sau da yawa kuma akan bar ta da baƙin wuta a jikinta. Ƙotarta gajera ce, daidai hannun mutanen tudu. Mutum ya iya wuni yana sara da ita bai gaji ba.

Wadda ake ƙerawa don kasuwannin Turai da Amurka kuwa, an goge ta tana ƙyalli kamar madubi. An tsawaita ƙotar don babban hannu, a wasu ƙarfen ya ratsa ƙotar gaba ɗaya an buga masa ƙusoshi. Kaurin bayanta yakan kai santimita 1, nauyin wasu kuma ya kai kilo guda. Akwai nagartattu a cikinsu, masu jure aikin ƙarfi. Akwai kuma na ado zalla, masu zanen tagulla, waɗanda ba a ba bakinsu tauri ba, sara ɗaya sai kaifin ya lotse.

Cinikin waje ya taimaki maƙeran ƙwarai. Kami suna cikin waɗanda tsarin gadon Hindu ya ajiye a ƙasan jama'a, sai a 1963 doka ta soke wannan bambanci, aka kuma ƙarfafa hukuncinsa a 2011. Kuɗin baƙi ya sa sana'arsu ta yi daraja. To, amma mai biya shi ke faɗin yadda za a ƙera masa, don haka hannun da ya saba ƙera wuƙar ado mai nauyi yana iya mance ma'aunin da ya gada.

Saboda haka mai saye ya fara tambayar kansa abin da zai yi da ita. In ta rataye a bango ce, mai ƙyalli ta isa. In kuwa ta aiki ce, ya riƙe ta ya ji ko nauyinta ya zauna a ƙirji ba tare da ya rinjayi wuyan hannu ba, ya girgiza ya ji ko ƙotar tana motsi, ya tambaya ko an ba bakin ruwa. Idan ya tashi komawa gida, ya sa ta cikin akwatin da za a auna, gama ba a shiga jirgin sama da ita a hannu. Ya kuma tuna da maganar mutanenmu: ba girin-girin ba, ta yi mai.