Wane Tudun, Yaya?

Yau kam ba labarin Alhaji da amarya na zo muku da shi ba. Wata magana ce da ta suɓuce daga bakina na yaɓa wa ƙanwata, wadda har gobe in na tuna ta sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A daminar shekarar 2022, cikin watan Satumba, ruwa ya yi gyara ƙwarai a jihar Jigawa, tun daga Ringim har ƙasar Haɗeja. Autarmu tana aure a wani ƙauye a ƙasar Auyo. Wata rana da hantsi ina tsaka da tankaɗe sai ga wayarta, murya a dashe, wai ɗakinta ya zauna, buhunan hatsinsu sun jiƙe, ita da yara uku suna kwana a ajin makarantar firamare. Maimakon in fara da jaje, sai na ji bakina yana cewa, "Ke ma dai Auta, bara waccan ruwa, bana ruwa! Wai dole ne sai kun zauna a bakin kogi? Ku tattara ku hau tudu mana."

Ta yi shiru har na zaci layin ne ya yanke. Can sai ta ce, "Wane tudun, Yaya?" Ta kashe wayarta. Wata uku cur ba ta sake kirana ba, in ni na kira kuma sai ta miƙa wa yara su gaishe ni.

To ni a lokacin wallahi ban ga laifina ba, domin da kogin da na sani nake yi mata awo. Mu 'yan Riruwai ne, can kudancin jihar Kano, a ƙaramar hukumar Doguwa, garin da aka sani da haƙar kuza. Ƙasarmu ƙasar duwatsu ce, ruwa ba ya samun wurin zama a cikinta. Ƙoramar da ke bayan gidanmu a cikin wani kwazazzabo take, sama a buɗe ƙasa a tsuke kamar mazurari, sai kin dafa duwatsu kina ja da baya sannan ki isa gare ta. Da rani yaro ɗan shekara bakwai ma tsallake ta yake yi. Ruwanta garai-garai, ga sanyi, ana hango tsakuwar da ke ƙasa. A kan falalen dutsen da muke wanki akwai wasu ramuka zagayayyu sumul, Kaka ta ce mana turamen aljanu ne kada mu kuskura mu sa ƙafa. Sai da na shiga sakandare malaminmu na jogarafi ya ce tsakuwa ce ruwa yake juyawa a wuri ɗaya shekara da shekaru har ta rarake dutsen. Na dawo hutu na faɗa wa Kaka, ta ce to da kyau, shi malamin ya zo ya sa tasa ƙafar.

In aka tafka ruwan sama kuwa, sai 'yar ƙoramar nan ta rikiɗe. Ta taso jawur tana ruri, kina jin manyan duwatsu suna gwaruwa a ƙarƙashinta kamar ana daka. Tana iya tafiya da akuya, ta taɓa tafiya da mutum ma. Amma kafin la'asar ta sauka ta koma kamar ba ita ba. Kuma duk haukanta ba ta fita daga raminta, ƙasa take ci tana ƙara zurfi. Saboda haka maganin ruwa a wajenmu taku goma ne: ki hau sama ki tsaya ki yi kallo. Da wannan na tashi, shi ne kuma na ɗauka na jefi Auta da shi.

Irin waɗannan ƙoramu na duwatsun kudu su ne suke haɗuwa su zama Kogin Kano, ya ratsa dajin Falgore, ya zo ya tarar da madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Da aure ya kawo ni birni, sai na manta da kogi gaba ɗaya, alhali kullum shi nake ci shi nake sha. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da ruwan Tiga ake noma su. A wajen Tamburawa Kogin Kano yake gamuwa da Kogin Challawa, wanda shi ma aka datse shi a Ƙaraye a 1992, kuma a nan Tamburawan akwai matatar da ke ba birni ruwan sha. Mu matan birni ai kogi a wurinmu famfo ne, in ya kawo mu tara, in ya ɗauke mu yi tsaki mu kira mai kura.

Inna ce ta gaji da wannan gaba tamu. Ta kira ni ta ce, "Ke ce babba, kuma ke ce kika yi ɓarin baki. Zumunci a ƙafa yake, ki shirya ki je." Na haɗa 'yan atamfofi da sabulu da kayan yara, cikin watan Disamba na hau mota, muka bi ta Wudil da Gaya da Jahun da Kafin Hausa.

A gadar Wudil na fara shan jinin jikina. Na sha wuce gadar nan ban taɓa leƙawa ba sai ranar. Wai ruwan bayan gidanmu ne wannan! Ya yi faɗi, ya baje, ga yashi fari tas shimfiɗe gefe da gefe, ga masu tifa suna lodi, ga shanu suna sha, ga mata suna wanki ba mai dafa dutse. Babu dutsen ma balle a dafa. Manyan duwatsun da nake ji suna gwaruwa ina yarinya, tafiya ta niƙe su sun zama yashi. Wani dattijo da ke kusa da direba ya ce daga nan Wudil ƙasar dutse ta ƙare, an shiga ƙasar rairayi, kogin ma daga nan yake fara tsiyayewa cikin ƙasa, rana kuma tana shan nata rabon. Ya daina cin ƙasa yana zurfi, sai dai ya riƙa lanƙwasa kamar maciji, ya zaftare gaɓar nan ya je ya zube a waccan. Shi ya sa za ki ji mutum ya yi asarar rabin gonarsa a damina ɗaya, na tsallake kuma tasa ta ƙaru ba da ya saya ba.

Da muka sauka a ƙasar Auyo, ɗan acaɓa ya ɗauke ni zuwa ƙauyen. 'Yar uwa, tun a kan babur nake waige-waige ina neman tudun da na ce a hau. Gabas shimfiɗe, yamma shimfiɗe, kudu da arewa kamar an goge da dutsen guga. Iyakar ganinki fadama ce, sai giginya jefi-jefi. Abin da suke kira tudu a can ɗan jigawar rairayi ne wanda a Riruwai ko juji ba za a kira shi ba, kuma duk wanda ke akwai tuni kakannin wasu suka kafa gari a kansa. A jikin bangon makarantar da su Auta suka zauna na ga zanen da ruwa ya bari, ya kai mini ƙugu. Na tambayi ɗan acaɓan ina kogin yake, ya nuna mini can nesa, tafiyar da ta fi kilomita biyu. Ashe ba ma a bakin kogi suke ba. Kogin ne yake tasowa ya zo har ɗaki ya same su.

Auta ta karɓe ni ba yabo ba fallasa. Ta shimfiɗa mini tabarma a rumfar zana, domin ɗakin har lokacin ana kan ɗora shi, ta kawo ruwa ta kawo fura, ta ce, "Yaya, ya hanya?" Daga nan ba ta ƙara ba.

Surukinta ne ya sake da ni. Tsoho ne masunci, ya yi fataucin banda da ƙuruciyarsa. Da daddare ana ƙona kara saboda sanyi da sauro, na ce, "Baba, ni fa abin nan ya ɗaure mini kai. A garinmu ruwa yini ɗaya yake yi ya wuce."

Ya yi dariya ya ce, "'Yata, naku gudu yake yi saboda yana da gangara. Namu ina zai gangara? Nan in ya zo sai ya nemi wuri ya kwanta, wata biyu, wata uku." Kuma gaskiyarsa, domin na bincika daga baya: tun daga Haɗeja har Tafkin Cadi, tafiyar ɗaruruwan kilomita, gangarar ƙasar duka ba ta kai mita 100 ba. A Riruwai kuwa wannan ai tsakanin gindin dutse ɗaya da kansa ne.

Na ce to me ya hana su tashi su bar wa ruwa wurinsa? Ya ɗebo ƙasa a gefen tabarma ya murza mini a tafin hannu, baƙa, lukwi kamar garin kwalli. Ya ce wannan lakar ita ce dukiyarsu, ruwan da ya rushe ɗaki shi ya kawo ta. A kanta suke shinkafa, in ruwa ya ja su bi sawunsa da wake da kankana da alkama da kayan miya, ga tarwaɗa da karfasa a kududdufan da ya bari, ga makiyaya suna sauka da rani saboda ɗanyar ciyawa. "In na hau tudu, me zan ci a can? Rairayi?" Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya fi damunsa ma ba zuwan ruwa ba ne, rikicewar lokacinsa. Ya ce da can kogi yakan cika da damina ya ƙafe da rani, kowa ya san lissafinsa. Tun da aka yi madatsun sama sai ya zamana ana samun ruwa a hanyoyin kogin rani da damina, kuma hakan ne ya yi wa ciyawar kacala daɗi. Ta yi tsayi ta fi mutum, ta cushe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta. Ruwa ya zo ya rasa hanya sai ya fantsama inda ba a so, wasu garuruwan suna nitsewa, na gaba kuma suna jira bai iso ba. A cikin kacalar nan kuma tsuntsayen jan-baki suke kwana, su wayi gari a gonar shinkafa. Ina jin haka na yi tsit, domin shinkafar Kura da nake yabo da famfon da nake yi wa tsaki duk daga madatsun nan suke. Ban ce a rushe su ba, mu ma da su muke rayuwa, amma ban taɓa kawo wa raina cewa akwai masu biyan wani kaso na kuɗin a ƙasa da mu ba.

Sauran tafiyar kogin a bakinsa na ji. Bayan Haɗeja sai ya rarrabu tsakanin jigayi, wani reshe ya nufi Nguru, ya zama wata makekiyar fadama wadda tsuntsaye suke tasowa tun daga Turai su yi hunturu a cikinta. A wajen Gashuwa abin da ya rage ya haɗu da Kogin Jama'are da ya taso daga duwatsun Jos, daga nan sunansa ya koma Yobe. Ya wuce Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar, inda mutanen Diffa suke noman jan tattasai da shi. Cikar ma ba ta isa can sai damina ta wuce, mu mun fara shafa man kaɗe saboda hunturu su kuma lokacin ruwansu yake zuwa. Abin mamaki, maimakon ya ƙara girma kamar yadda aka koya mana kogi yana yi in ya doshi ƙarshensa, shi ramewa yake yi, rairayi da rana da gonaki kowa ya yagi nasa, sai ɗan abin da ya tsira ya lallaɓa ya shiga Tafkin Cadi a wajen Malam Fatori da Bosso. Ba ya ganin teku ko kusa. Tafkin ma kusan duk ruwansa daga Kogin Shari yake samu ta kudu, kuma shi kansa daga faɗin murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya tsuke ya koma ƙasa da 2,000 a shekarun farin 1980, kafin daga baya ya ɗan farfaɗo. Baba ya ce rabonsa da can tun kafin rikicin Boko Haram ya tarwatsa garuruwan bakin tafkin. Ya lissafo abokan cinikinsa na da, ya yi shiru, ya tura kara cikin wuta.

Washegari da safe na tarar da Auta a bayan rumfa ta fito da kwallaye da tasoshin aurenta, waɗanda aka tono daga ƙarƙashin ginin da ya zauna. Wata uku ke nan amma laka tana nan maƙale a cikin murafan, ta bushe ta yi tauri. Da ni aka je Kasuwar Kurmi aka sayo kayan nan. Ban ce komai ba, na ɗaura zani na jawo kujera 'yar tsugunno na ɗauki soso da toka.

Mun wanke kusan rabi sannan na ce, "Auta, na duba ko'ina. Babu tudun."

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da kankare murfin da ke hannunta da bakin cokali, ta tara lakar a tafinta, sannan ta miƙo mini.

"Ungo, Yaya. Baba ya ce wannan duwatsun garinku ne ruwa ya niƙo. In kin je gida ki mayar wa Inna kayanta, ki ce mun gode, bana kam ya ishe mu."

Muka kwashe da dariya har yara suka leƙo. Ta share ido da gefen mayafi ta ce in miƙo mata babbar kwallar can, ita ce ta fi cin laka.